Tsaga Uku a Jikin Taɓarya

Akwai wata 'yar ƙara da akwatin wasan ɗana yake yi idan lokacin da aka ɗiba masa ya kusa ƙarewa. Ba ta da ƙarfi, ɗin ɗaya ce, sai wani ɗan rubutu ya leƙo a kusurwar tele. Amma duk ranar da na ji ta daga tsakar gida, ina tsugune ina wanke baƙin mai daga hannuna, sai na tuna gyaran muryar kakata. Ita ma sau ɗaya take yi. Tana zaune bakin ɗakinta tana tsince wake, ko kai ba za ta ɗago ba, ni kuwa ko na kai zaure sai in ja birki in dawo. Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma har yau idan tsohuwa ta yi gyaran murya a kasuwa sai na duba abin da nake yi.

Ni ɗan fari ne, ka kuwa san yadda ake yi da mu. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Maraɗi aka kai ni Tsibiri wurin kakata ta wajen uba, don iyayena suna kunyata. Ba ƙi ba ne, haka aka tarar ana yi. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya zama tabarma ɗaya da shi a gaban mutane. Babana baduku ne, yana ɗinkin takalma da kube a kasuwar Maraɗi. Duk ranar kasuwar Tsibiri zai zo a kan kekensa, ya jingine shi a zaure, ya shiga ya durƙusa ya gaida uwarsa. Ina iya tsayawa a gabansa ƙiƙam, idonsa zai bi ta saman kaina ya sauka a kan rumbu. Idan zai tambayi lafiyata sai ya ce da kaka, "Yaron ga shina cin abinci?" alhali ga ni nan da loma a baki. Yakan kawo mini takalmi ya ajiye a gefen tabarmar kaka, ba a hannuna ba, kuma ban taɓa sa wanda ya matse ni ko ya yi mini yawa ba. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi haka ba.

Kaka kuwa ba ta kunyar kowa. Maigidana take ce mini, tana mini gori wai tun da ta aure ni ko ƙyallen zane ban taɓa saya mata ba. Dokokin gidan duk daga bakinta suke fitowa, kuma tana da ma'auninta. Bayan ƙyauren ɗakinta akwai wata tsohuwar taɓarya da ta fashe a gindi aka daina daka da ita. Baƙa ce wuluk saboda hannu da hayaƙi, in ka kai hanci kusa za ka ji gero da daddawa. An yi mata tsaga uku da wuƙa, wata sama da wata. Kaka ba ta san shekaruna na takarda ba, ba ta kuma damu da su ba. Idan na nemi abin da take ganin ya fi ƙarfina sai ta ce, "Ɗauko taɓarya." In tsaya ba takalmi, ta ɗora tafin hannunta a kaina ta kai shi jikin icen. In ka kai tsagar farko, an yarda a aike ka kasuwa kai kaɗai. In ka kai ta biyu, kana iya shiga ruwa idan Gulbi ya kawo, kana iya bin amalanke zuwa lambunan Jiratawa. Ta uku tana can sama, ita ce ta gidan bidiyo.

Ta biyun ta wahalar da ni. Damina biyu ina kallon sa'o'ina suna dawowa daga Gulbi, ido ja, laka har gwiwa, suna ba da labarin wanda ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ni kuwa ina gida ina korar kaji daga shanya. Ranar da tafin kaka ya sauka daidai kan tsagar sai da ta sake gwadawa sau biyu, ta danna mini kai ƙasa don kada in yi ɗage, sannan ta ce, "To, maigida ya girma." Washegari da sassafe na hau amalanken maƙwabcinmu. Tafiya ce mai tsawo, sai an ratsa Maraɗi. Muna cikin ratsawa na hango babana tsaye bakin hanya kamar mai jiran wani. Bai dube ni ba. Ya gaisa da mai amalanken, ya miƙa masa ƙunshin ƙosai mai zafi, ya juya ya koma kasuwa. Ban manta da sanyin ruwan da ke gudu a kwatar siminti tsakanin lambunan Jiratawa ba, da ƙamshin zogalen da aka yanka da safe. Na dawo gida da yamma hannu duk ƙaiƙayi, na ba kaka labarin komai sau uku.

Sai gidan bidiyo. Wani mutum ne ya kewaye fili da zana a bayan kasuwa, ya kawo tele da injin wuta, yana nuna finafinan faɗa da rana tsaka. Daga waje kana jin harbi da ihu, kana jin 'yan kallo suna sowa. Abokaina har waɗanda na fi tsawo suna shiga, don gidajensu babu taɓarya. Tsakanin kaina da tsaga ta uku kuwa yatsa huɗu ne, na auna ya fi sau ɗari. Wata rana kaka ta tafi barka, sai na ɗauki reza na yi sabuwar tsaga, yatsa huɗu ƙasa da ta gaskiya, na shafa mata baƙin tukunya don ta tsufa. Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne yanzu tsagar ta zama huɗu.

Da ta dawo na ce a gwada ni. Ta ɗora tafi a kaina, ta kai jikin icen, ta shafa wurin da babban yatsa, ta duba baƙin da ya kama mata yatsan. Ta ce, "Ikon Allah, taɓaryar ga ta haihu." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Tunda kai ka yanka ma kanka, tahi ka gani."

Na tafi na gani. Ba zan ba ka labarin fim ɗin ba, abin da zan iya faɗa shi ne an ɗaure wani mutum a kan kujera, kuma ban tsaya na ga ƙarshen abin da aka yi masa ba. Na fito na yi amai a bayan zana. Kwana da kwanaki ban iya bi ta rumfar mahauta ba, in an sa nama a miya sai in ture shi gefe. Kaka ba ta ce mini ai na faɗa maka ba. Ta dama mini fura, ta bar ni ina manne da ita duk inda ta zauna, yaro mai tsaga biyu guda.

Ranar kasuwa babana ya zo. Bayan gaisuwa kaka ta ɗauko taɓaryar ta jingine a gabansa. Ya juya ta a hannu, ya daɗe yana duban tsagata. Ina tsaye ina jiran duka, kuma gaskiya da ya dake ni da na fi so, don ko ba komai sai ya dube ni kafin ya kai hannu. Sai ya zaro wuƙarsa ta aiki ya fere wurin a hankali har tsagar ta ɓace, ya bar wani farin tabo a jikin baƙin icen. Ya mai da wuƙa kube, ya ce da kaka, "A hwaɗa ma yaron ga ya jira." Ya hau kekensa ya tafi.

Ya rasu ina da shekara goma sha tara, ina koyon gyaran inji a gareji. Kaka ta riga ta tsufa sosai amma ita ta binne shi. Bayan an watse daga zaman makoki na same ta a ɗaki, taɓaryar tana nan bayan ƙyaure. Don in sa ta dariya na ce ta gallabe ni da icen nan ina yaro. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kana tsammani ni nat tsaga shi? Ina nig ga wuƙa? Ubanka yay yi. Biyun ya yi su ranar da anka kawo ka. Ta ukkun kuwa, da anka buɗe gidan bidiyon ga, sai da ya shiga ya zamna cikin yara ya kalla da idonshi, sannan ya zo ya tsaga." Ta ce takalmin ma, idan na ruga waje sai ya tsuguna ya auna sawuna a ƙasa da kara, ya karya karan ya sa aljihu.

Na yi kuka, amma kada ka ɗauka kukan daɗi ne zalla. Haushi na ji. Duk ƙuruciyata ina fushi da tsohuwa a kan dokar da ba tata ba, shi kuwa na ɗauke shi baƙo mai kawo takalmi. A ɗakin nan na yi wa kaina alkawari in Allah ya ba ni ɗa ba zan yi masa haka ba.

Alkawarin saurayi ne. Da aka haifa mini nawa ɗan farin, sai na ga idon mutane ya fi ƙarfina. In na ɗauke shi, 'yan fadarmu, abokan zaman hira, su yi ta mini tsiya har shayi ya huce. Uwarsa ma ko nono za ta ba shi sai ta juya baya. Ana yaye shi muka kai shi Tsibiri wurin mahaifiyata, wadda ta koma can bayan rasuwar babana, ni kuma na zama mai zuwa ranar kasuwa, sai dai ni a kan babur. Taɓaryar ma ban tarar da ita ba, wani ya hura wuta da ita tuntuni. Yana da shekara tara mahaifiyata ta rasu. Aka kawo mana shi gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi da 'yar jakar kayansa, yaro shiru-shiru mai kallon ƙasa. Ga uwa, ga uba, duk muna kallon saman kansa, kuma babu tsohuwar da za a ce a faɗa masa ta bakinta.

Ƙanena ne ya ji tausayinsa. Yana bin wani alhaji tafiye-tafiyen sayo kaya, sai ya dawo masa da akwatin wasan nan da ake haɗawa da tele, da manet guda biyu, abin riƙewan nan mai maɓallai, da abin kunne mai makirfo. Ya haɗa shi da rezo, wato intanet, don yaron ya yi wasa da mutanen wasu garuruwa. Ranar da yake haɗawa ina tsaye bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, zo ka sa sunanka. Abin ga shina tambaya ko mai wasan yaro ne, a ɗora shi ƙarƙashin ubanshi." Yaron yana zaune a ƙasa, ya ɗago ya dube ni. Na ji nauyi ya kama ni, in zauna kusa da shi, in rubuta sunansa, in ce ni ne uban wane, a gaban ƙanena da matata. Na ce, "Kai ma ubanshi ne, gama mashi." Na fice. Ƙanena kuwa mai sauri ne, ya ga hanyar manya ta fi gajarta, ba ta da tambayoyi da yawa, sai ya buɗe wa yaron kont na babban mutum, wato sunan da akwatin zai san shi da shi, ya ba shi shekara ashirin da biyar. Ni ban ma san an yi haka ba sai daga baya.

Shekara biyu aka yi a haka. Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne, yawancin aikina a Jiratawa yake, in fita da safe in dawo a gajiye. Ina ganin kwalayen wasan a kan tebur, da lamba a kusurwa, wani goma sha shida, wani goma sha takwas, na ɗauka irin lambar da ke jikin galan ɗin mai ce. Yaron ya daina fita ƙwallo. Abinci sai an kira shi sau uku. Mushen lakwal ɗinsu, wato malamin makarantarsu, ya aiko cewa hankalinsa ba ya aji. Matata takan ce, "Malam, a yi ma wancan magana." In ce, "To ki yi mashi mana." Ta ce, "Ni?" Haka muka yi ta tura wa juna, kowa yana taƙama da kunyarsa, yaron kuwa yana ɗaki da abin kunne a kai yana magana da mutanen da ba su jin kunyarsa.

Wata ranar Asabar ce cikin bazara, zafin nan da ko ƙadangare ba ya fitowa. Na dawo da azahar don ban sami ƙarfen da nake nema ba. Matata ta shiga maƙwabta. Abin kunnen ya lalace a makon, don haka muryoyin suna fitowa ta tele. Ina cire takalmi na ji muryar namiji, babban mutum, yana faransanci irin wanda ba na nan ƙasar ba, a hankali, da taushi. Faransancina na firamare ne amma ya ishe ni in gane. Yana kiran ɗana "ƙanena", kamar ɗan uwansa. Ya tambaye shi wace lakwal yake zuwa, ya tambaye shi ko shi kaɗai ne a gida. Ya ce in ya aiko masa da hotonsa ta waya zai ba shi wata bindiga ta cikin wasan da babu wanda yake da irinta, amma kada ya gaya wa kowa, kada iyayensa su yi faɗa. Sai na ji ɗana ya yi 'yar dariya ya ce, "Ba wanda zai tambaya. Babana ko sunana bai sani ba."

Ka san abin da na yi? Gyaran murya na yi, a bakin ƙofa, irin na kaka. Ko motsi bai yi ba. Ina zai san ma'anarsa, ga harbi yana tashi a tele. Na sake yi, shiru. Maimakon in ɗaga labule in shiga, sai na zaga bayan ɗaki na kashe konter, wutar gidan duka ta mutu. Ya fito yana share gumi, ya gan ni, ya gaishe ni yana kallon ƙasa, ya ce da bango, "An ɗauke wuta." Na ce, "Haka ne." Fankar maƙwabta tana ta juyi muna jin ta ta katanga. Na bar gidan ba wuta har yamma, muka sha zafi gaba ɗaya, na kuma zare wayar akwatin na sa aljihu na ce ta ƙone.

Ranar Litinin, yaron yana lakwal, na kira ƙanena. Da na gaya masa abin da na ji sai ya riƙe kai. Shi ya bayyana mini cewa lambar kwalin shekarun mai wasa ce, kuma tun ranar farko akwatin yana da hanyar da uba zai tsaga wa ɗansa iyaka: wasan da ya dace da shekarunsa, awa nawa a rana, wa zai iya yi masa magana, wa ba zai iya ba. Duk yana nan ciki, ni ne na fice daga ɗakin. Na ce kafin komai ya kunna mini wasan in gani. Na zauna a ƙasa inda ɗana yake zama na kalla. Minti goma ban cika ba na tuna aman da na yi a bayan zana, na kau da kai, ni da furfura a gemu.

Na ce a gyara shekarun. Ƙanena ya ce nan ne matsalar, ranar haihuwar da aka sa ba ta gyaruwa haka kawai. Sai dai a rufe tsohon kont a buɗe sabo na yaro a ƙarƙashin nawa, kuma duk abin da ya tara cikin shekara biyu, sojansa, kayansa, matsayinsa, abokansa na kirki da na banza, ba abin da zai biyo shi. Ya ce, "Zai ji zahi, Yaya. Amma bari, sai mu ce kamfani ya ruhe. Ko in ce ni na yi kuskure, ya yi hushi da ni, ba komi." Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Na ce to, a yi haka.

Muka zauna cika tambayoyi. Ya miƙo mini manet in rubuta sunana, hannun da ke kwance inji ido rufe ya kasa kai ɗan haske kan harafi, sai da ya karɓa. Da aka zo ranar haihuwar yaron ya ce a ɗauko takarda. Matata ta yunƙura za ta buɗe akwati, kafin ta miƙe na faɗi rana da wata da shekara. Na ƙara da cewa Talata ce, bayan la'asar, ranar da aka yi ruwan farko na shekarar, ina tsaye bayan asibiti rigata ta jiƙe sharkaf don na ji kunyar shiga rumfa cikin dangi. Akwatin bai tambayi wannan ba. Ƙanena ya dube ni, matata ta ja mayafi ta rufe baki, na ce ya ci gaba da aikinsa.

Yaron ya dawo da rana, ya ci abinci, ya ga an mai da wayar akwatin, ya shiga ɗaki da murna. Muna zaune a inuwar tsakar gida mu uku. Sai ga shi ya fito da manet a hannu. Bai dube ni ba, bai dubi uwarsa ba, ai ya san ba a nan ake samun amsa ba. Ya ce da ƙanena, "Baba ƙarami, wa ya taɓa mani abina? Ba komi ciki. Ya ce shekaruna ba su kai ba."

Ƙanena ya gyara zama ya ce, "Ai kamfanin ne, ka san su..."

Farin tabon nan na jikin taɓarya na gani a idona, da bayan babana a kan keke yana fita zaure. Sai na kira sunan yaron. Rabona da furta shi tun ranar da na raɗa wa liman shi a kunne, shekara goma sha ɗaya, har na ji shi baƙo a bakina. Ludayi ya faɗi daga hannun matata. Yaron ya juyo kamar an taɓa shi da wuta.

Na ce, "Ni na ruhe. Ba kamfani ba ne, ba baba ƙarami ba ne. Na ji mutumen da kake magana da shi ran Asabar, kuma ba a ɗauke wuta ba, ni na kashe konter. Shekarunka goma sha ɗaya. Wasan ga ba naka ba ne tukuna, mutumen ga kuwa ba abokinka ba ne. Ka jira."

In kana jiran in ce ya rugo ya rungume ni, ba ka san yara ba. Ihu ya yi. Ya ce shekara biyu yana tarawa, ya ce ina ruwana, ya jefar da manet a kan tabarma ya shige ɗaki yana kuka kamar ranar da aka binne kakarsa. Ban dake shi ba, ban kuma fice ba. Na bi shi na zauna bakin ƙofar har ya gaji ya yi shiru. Na tambaye shi ko ya aika hoton, ya ce a'a, cikin filo. Na gode wa Allah a zuci. Mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yanzu an shiga wata na takwas. Awa ɗaya da rabi yake da ita bayan la'asar, ranar da babu lakwal a ƙara masa kaɗan, kuma ba mai yi masa magana sai yara uku da na san gidajensu. Kada ka ɗauka na huta. Ina Jiratawa hannu cikin laka waya za ta yi ƙara, shi ne yake roƙon ƙarin lokaci. Na gano yana zuwa gidan wani abokinsa inda ba a tsaga komai ba, sai da na je na zauna da uban yaron, ya yi ta kallona kamar na zo da sabon addini. Ga gidan wasa an buɗe a bakin titinmu, kowa ya shiga. Taɓaryar kaka guda ɗaya ce, gidan bidiyo ma guda ɗaya ne a garin, kuma ana ganin ƙofarsa daga kasuwa. Wannan kuwa ƙofofinsa ba su ƙirguwa, ina toshe ɗaya wata tana buɗewa, kuma yaron ya fi ni sanin hanyoyin. Ya kusa cika goma sha biyu, ya riga ya jera mini wasannin da za su buɗe masa, ni kuma na ce kowanne sai na zauna na kalla tukuna, da ciwon bayana da komai. 'Yan fadarmu sun ji ina kiran sunansa, sun ce na zama nasara, wai na koma bature. Na gaji da ba su amsa, na gaji da maɓallai, na gaji da zama mugu sau ɗaya kowace rana.

Jiya ma ina tsugune ina wanke hannu na ji 'yar ƙarar nan. Ba a jima ba ya fito, ya zo ya tsaya a gabana, ya dube ni tsakiyar ido ya ce, "Baba, minti goma. Muna gab da ci." Na kira sunansa na ce a'a, gobe ma rana ce ta wasa, ya ɗauko littafinsa. Ya juya yana ƙunƙuni, yana buga ƙafa, ya ja labule da ƙarfi. Da ni yake fushi, ni ɗin nan da ke tsugune da sabulu a hannu. Ni sai da aka binne nawa uban na san wanda ya kamata in yi wa fushi.